Rigar Ɗan Dako

Tun da aka buɗe gidajen wasan nan na arewacin gari, da wuya mako ya wuce wani saurayi bai leƙo shagona a unguwar Nuzla, nan Jidda, ya ce yana son in koya masa ɗinkin kayan masrah ba. Masrah shi ne dandamalin wasa, haka ake kiransa a nan. In na tambaye shi me ya hana shi koyon ɗinkin tobi, doguwar rigar Larabawa, kamar kowa, sai ya ce ai na wasa ya fi sauƙi, riga ce ta ɗan lokaci, daga nesa ake kallonta, ko ɗinkin ya karkace ba mai gani. Ba na musu da su. Allura nake miƙa musu, in ce su ɗinke mini hamatar da mutum zai ɗaga sanda sama, ya juya, ya durƙusa, ya miƙe, kullum har wasa ya ƙare ba ta ɓarke ba. Yawancinsu ba sa dawowa.

Sunana Isuhu. Daga ƙasar Tasawa aka zo da ni ina saurayi, umara ta kawo mu, zama ya riƙe mu. Karatuna na allo ne, shi ma ban sauke ba. Abin da na sani keke ne da almakashi, kuma a kansu zan yi magana.

Aikin farko da maigidana a ɗinki, Mu'allim Sa'id, ya ba ni ba ɗinki ba ne, wanki ne. Bayamale ne, shagonsa a cikin Balad, tsohon gari, kuma shi kaɗai ne a layin yake karɓar aikin 'yan wasa, sauran teloli suna ganin abin raini ne. Shekarar da na shiga hannunsa wani kulob yana yin wasa mai waƙe-waƙe a kan tashar jiragen ruwa, zamanin da alhazai ke sauka ta teku. Maza ne zalla. Akwai attajiri, akwai mai kwalekwale, akwai Bajawe, wato mutumin tsibirin Jawa, da Bahindi da mutumin Buhara, kowa da waƙarsa da irin shigarsa. Sannan akwai Bakur, ɗan dako Takruni. Takruni mu ke nan, duk baƙin mutumin da ya fito daga wajenmu, ba ruwansu da ko Bahaushe ne ko Babarbare ko Bazabarme.

Mai fitowa a Bakur Balarabe ne fari sol. Kafin a ja labule sai a kwaɓa baƙin tukunya da man shafawa a mulke masa fuska da wuya da hannuwa, a zura masa buhun da aka huda wa wuya. Ya fita yana gwarancin Larabci, yana tuntuɓe da kaya, mutane na ta dariya. To baƙin nan ba ya zama inda aka sa shi. Zufa na karyowa sai ya bi jiki, duk wanda Bakur ya runguma ko ya dafa sai ya bar masa shaida. Da safe a jibge mini fararen riguna, in zauna bayan shago da lemon tsami da sabulu ina cuɗa. Mu'allim yakan leƙo ya ce 'yan uwana sun sake ɓata masa kaya, in yi sauri. Wasa yake yi, ni ma dariya nake yi.

Amma Bakur ne ke da waƙar da ta fi kowace. Wajen ƙarshe zai sauke kayansa ya zauna a kai, ya yi waƙar hanyar da ya tako da ƙafa, da gidan da ba zai sake gani ba. Amshin wai da Hausa ne, sai dai bakin Balarabe ya tauna shi har ba ka tsintar kalma biyu. Duk da haka zauren kan yi tsit. Waɗanda suka gama yi masa dariya su za ka ga suna share ido da gefen mayafin kansu. Waƙar ta fita a kaset, ta shiga motocin haya, ta iso Nuzla. Mutanenmu suka gyara amshin ya koma Hausar gaske, aka riƙa yin ta a gidajen biki.

Rigar sarki ce abu na farko da na yanka da hannuna, ta wasan wata makaranta, kuma ita ta koya mini fitila. Na zaɓi farin yadi mai sheƙi na ƙawata shi iyakar iyawata. Aka kunna fitilun masrah, mai rigar ya zama kamar an kifa kwano a rana, fuskarsa ta ɓace. Mu'allim bai yi faɗa ba. Ya dafa shayi cikin bokiti ya tsoma rigar, ya ce abin da mai kallo zai ga fari ne daga kujera, a hannun tela ba fari ba ne. Daga nan na fara gane sauran. Baƙin yadi yana cinye mutum. Ja yana gudu gaban kowa, ba a ba wa wanda ba shi da magana. Hamata da tsakiyar wando ana sa musu ƙyalle daban mai kusurwa huɗu, a bi su da ɗinki biyu. Ana barin rara a ciki, domin ɗan wasan da ka auna kafin azumi ba shi ne zai zo maka bayan salla ba. Maɓalli ba ya aiki, mutum zai canja kaya a cikin duhu yana haki, ƙugiya ake sa wa. Yanzu kuma da kowa ke ɗaure da na'urar magana, sai ka yi mata aljihu a gadon baya inda zufa ba za ta kashe ta ba. Zufar Jidda ba irin ta ko'ina ba ce, tana ruɓar da zare. Duk rigar babban ɗan wasa biyu ake yi, ɗaya na jiki ɗaya na shanya.

Kayan aikina ba su da yawa. Baƙin keke mai feda da Mu'allim ya bar mini shekarar da Yamalawa suka yi ta komawa gida, almakashi biyu da ba na ba wa kowa aro, guntun sabulu na zane, dutsen guga mai nauyi. Sai waɗanda telan tobi zai gani ya yi dariya: dutsen goge kaushi, buroshin waya, kyandir, gishiri, da bokitin shayi. Da su ake tsufar da riga.

Bayan tafiyar Mu'allim an yi shekaru masu tsawo da kiɗa ya zama abin ɓoyo. Wasa sai na makaranta a ƙarshen shekara, shi ma ba ganga. Na ɗinka labule, na ɗinka rigunan 'yan makaranta, na rage tsawon wandunan ma'aikatan shara. Kafilina na lokacin, wanda takardar zamana ke hannunsa, sau biyu yana cewa in sayar da keken in koyi tuƙi. Ban koya ba. Da aka zo aka buɗe ƙofa, aka fara gina zaurukan wasa, sai ga shi ana neman wanda ya san aikin, kuma ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Wani kamfani ya ɗauki iƙamata, takardar zamana ta koma hannunsa. Na ce to, wahala ta ƙare. In ana maganar mummunar shekara mutane suna zaton ta annoba zan ambata, da aka rufe komai. Wannan kowa ya sha ta. Tawa ita ce shekarar da aka dawo da wasan tashar jirgi.

Ustaz Majid ne ya shirya shi, matashi, ya yi karatun wasa a waje, ba ya zama wuri ɗaya. Ya zo shagon da kansa da ya ji cewa na taɓa kayan wasan na farko. Na ba shi labarin wankin. Bai yi dariya ba. Ya ce wannan karon an gama da wannan, ba mai shafa wa kowa baƙi. Bajawe zai fito a Bajawe, Bahindi a Bahindi, Bakur kuma jikan waɗanda suka tako da ƙafa ne zai yi shi. Gwarancin Larabcin ma ya cire, da tuntuɓen. Ya ce wani sanannen ɗan wasa mai fitowa a talabijin yana son matsayin saboda waƙar, mai kuɗin wasan ma shi yake so, amma ya tsaya kai da fata. Na ce masa Allah ya taimaka. A raina na ce yaro bai san wuta ba.

Ranar gwajin murya mutane sun zo da yawa, 'yan Sudan, 'yan Chadi, har wani injiniya ɗan Kano da ya zo da kwat. Hamza ya ci. Ɗan unguwarmu ne, a Nuzla aka haife shi, yana da takardar ɗan ƙasa tun daga ubansa, ya haura talatin, da mata da 'ya ɗaya. Gadi yake yi a wani wurin shaƙatawa a Abhur, in ana biki kuma shi ke ja wa masu rawar sanda waƙa. Da ya buɗe baki ya yi waƙar Bakur yadda ake yin ta a unguwa, Ustaz Majid ya ajiye alƙalaminsa bai sake ɗauka ba. Burofa, wato gwajin wasan, kullum ne har wata da watanni. Hamza ya nemi hutu a wurin gadin aka hana shi, sai ya ajiye aikin. Na ce masa bai kyauta wa matarsa ba. Ya ce, "Ammi Isuhu, tun ina yaro a bayan ƙofa nake tsayawa. Wannan ce kaɗai aka buɗe aka ce in shigo."

Hausarsa ta 'yan Jidda ce, yana ji sarai, in zai faɗa sai ta maƙale ya kama Larabci. Yakan zo shagon in gyara masa baki a kan amshin. Ina tsokanarsa, ina cewa Bahaushen da bai iya kiran ƙwarya ba sai ya ce kwarya, shi za a tura ya wakilce mu. Shi kuma ya ce ni da na haura shekara talatin a gari ina kiran mace da lafazin namiji, gara in yi shiru.

Rigar Bakur ita ce aikin da na fi ɓata wa lokaci a duk kayan wasan, har da alkyabbar attajiri. Ustaz Majid ya ce ba ya son buhu, riga yake so ta ɗan dako na gaske. Yin tsumma ya fi yin sabuwar riga wuya, wannan ne abin da samarin nan ba su sani ba. Na sayi akoko mai kauri na yanka 'yar shara mai tsawo zuwa gwiwa. Na dafa ta da gishiri, na tsoma a shayi, na shanya a rufin gida rana ta ci. Sannan na zauna da dutsen kaushi. Riga ba ta mutuwa ko'ina da ko'ina, kowace sana'a da inda take kashe tata. Ta ɗan dako a kafaɗa take fara ci da ƙeya, sai ƙugu inda igiya ke zama. Lokacin da nake Balad na ga 'yan dako iyakar gani, na san yadda suke ninka guntun buhu su ɗinka a gadon baya da zaren buhun, babban ɗinki irin na namiji da ba shi da mace a kusa. Na yi shi haka. Na zana farin gishirin zufa a ƙarƙashinsa. Kowace huda na bi ta ciki na ɗaure bakinta don kada ta ƙaru. Da na gama na rataye ta, ni kaina na tsaya ina kallo.

Zauren wasan yana da nisa, can hanyar Abhur, don haka na ce wa Hamza ya biyo shago bayan la'asar ya gwada. Ya sa. Ya ɗaure igiya a ƙugu, ya ɗauki buhun ƙyallayena ya saɓa, ya tako zuwa bakin ƙofa don in ga yadda take zama a haske. Daidai lokacin aka fito daga masallaci.

Alhaji Mamman, uban Hamza, ya haura tamanin. Yana yaro aka tako da shi, ya yi dako a tasha, ya yi a kasuwar kayan gwari, daga baya ya samu kanti, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya. Tunda na san shi ban taɓa ganinsa ba guga ba. 'Ya'yansa ko aike za su je bakin titi sai da tobi mai tsabta. Ya san ɗansa zai yi waƙa a masrah, bai so ba, amma da aka ce masa a gaban manyan gari ne kuma an daina shafa baƙi, ya ƙyale shi. Ranar ya tsaya a ƙofar shagona da sandarsa, dattawa biyu a bayansa. Bai kalli fuskar Hamza ba. Ya zagaya bayansa, ya sa yatsa ya taɓa guntun buhun nan.

"Isuhu, wa ya ba ka rigata?"

Na ce masa sabuwa ce, Baba Alhaji, ni na yi ta, ga ragowar yadin can.

"Na sani," in ji shi. "Ai tawa na ƙona ta da hannuna ranar da na buɗe kanti." Sai ya juya ga ɗansa. "A cikin wannan aka kira ni da sunan da ba zan faɗa a gabanka ba. A cikinta aka zuba mini ruwan wanke kifi. Na ɗauki kayan mutane har ƙashin wuyana ya goce don kada wani nawa ya sake sa ta. Yanzu kai za ka sa, a kunna maka fitila, su biya kuɗi su zauna su kalla."

Hamza ya fara bayani da Larabci, cewa wasan girmama su yake yi, cewa Bakur ne zuciyar labarin. Tsohon ya ce masa ya yi masa Hausa ko ya yi shiru. Hamza ya cire rigar a nan tsaye, ya miƙo mini.

Ranar Juma'a aka kira shi gida. Ban je ba, shi ya ba ni labari. Dattawan unguwa sun cika falo. Sun yi shawara, kuma a ganinsu sun sami mafita mai kyau, ba wanda ya ce a hana yaro abinsa. Tunda karon farko ke nan da namu zai tsaya a gaban Larabawa da sunanmu, to a fitar da shi kunya. Suka haɗa hannu aka sayo farar shadda, aka kai wa wani mai surfani a Mahjar ya yi babbar riga da 'yar ciki da wando, aiki tun daga wuya har ciki, da hula. Uban ya ɗora masa a hannu biyu a gaban kowa, ya ce in zai tsaya gaban jama'a a cikin wannan zai tsaya. Aka yi addu'a aka shafa. Wanda ya tashi a cikinmu ya san kayan da uba ya ba ka a gaban dattawa aka shafa fatiha a kai, ba ka da bakin cewa ba su dace da aikinka ba.

Hamza ya kwaso su ya kawo mini, ya zauna a kan benci. Ya tambaye ni ko akwai dabarar da zan yi, ya shiga da babbar riga ya fito da tsumma. Na ce dabara tana yaudarar mai kallo daga nesa ne, ba ta yaudarar uba. Muka je wa Ustaz Majid tare. Mutumin ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce zai ƙara fitowa ɗaya a ƙarshe, ranar salla a tasha, Bakur ya shigo da babbar rigarsa ya fi kowa kyau. Hamza ya kai wa uban wannan. Tsohon ya ce ba a kan ƙarshe yake magana ba, a kan farko yake. Ustaz ya ce to shi da kansa zai gayyaci dattawan babbar burofa, wadda ake yi da kaya da fitila da makaɗa, in Alhaji ya ga wasan da idonsa zai sauko. Na ce masa kada ya yi. Ya ce, "Ya mu'allim, kai ba ka yarda da masrah ba." Na ce na yarda da shi, Alhaji ne na fi sani.

Suka zo. Motoci biyu, dattawa cikin manyan riguna da turare, aka zaunar da su a layi na biyu, bayan mai kuɗin wasan da mutanensa. Ni ina gefen dandamali inda nake tsayawa kullum, allura a bakin hula, ina ɗaura wa mai kwalekwale ɗamara. Hamza ya riga ya sa rigar dakon. Saura kaɗan ya fita sai ya je ya ɗaga gefen labule ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Ya dawo ya kwance igiyar, ya cire rigar ya ninke ta ya ajiye a kan kujerata, ya buɗe jakarsa. Na ce masa ya san abin da yake yi kuwa. Ya ce ya ga tsohon zaune da sandarsa yana jiran fitowarsa. Ya ce in taya shi daidaita kafaɗa. Na taya shi, aikina ke nan.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba a masrah. Jirgi ya iso, alhazai na sauka, attajiri ya tafa hannu ya kira ɗan dako, sai ga mutum ya fito cikin shadda tana ɗaukar ido, kamar wanda za a naɗa. Attajirin da kansa ya ja da baya. Ya daka masa tsawar da ke cikin wasan, muryarsa ta ƙi fita. Hamza ya sunkuya zai ɗauki akwati, hannun rigar ya zubo ya rufe akwatin, ya naɗe ya sake zubowa, ya kama ƙarfen jikin akwatin. Wani cikin makaɗa ya tuntsire, sauran suka bi. A layi na biyu dattawa na gyaɗa kai, suna ganin yaronsu ya fi kowa fita. Ustaz Majid bai tsayar da wasan ba, ya dafe kai ya bari aka ci gaba.

Da aka zo waƙar ya zauna a kan akwatin ya yi ta. Ba a taɓa yin ta haka ba, har Balaraben farko. Masu jan labule sun bar igiya sun matso. Amma ido yana gaba da kunne. Mutum cikin rigar da ta fi ta kowa a tashar yana kukan ba shi da komai, abin bai zauna ba, kuma kowa ya san bai zauna ba.

Ko a nan da an tsaya da wataƙila an gyara. Sai dattawan suka ga ya kamata su gaisa da mai kuɗin wasan, kamar yadda ake yi in an je gidan mutum. Suka kewaye shi da ladabi, suka gode masa, suka yi masa addu'a. Sannan babbansu ya roƙi arziki, ya ce a taimaka kada a nuna mutanensu cikin tsumma, don abin yana da ciwo, kuma yaran yanzu da waya a hannu ba a san abin da za su rubuta ba. Shi nasiha yake yi. Mai kuɗin kuwa kalmar waya kaɗai ya ji. Na ga fuskarsa lokacin.

Kwana biyu aka yi ana rufe ƙofa ana buɗewa. Ustaz Majid ya fito idonsa ja. Hukuncin shi ne wasan ba zai taɓa maganar launin kowa ba. Ɗan dako zai zauna, tsummansa zai zauna, waƙarsa za ta zauna, amma ba Takruni ba ne, talaka ne kawai daga wani ƙauye da ba a ambata ba. Aka canja masa suna. Aka cire amshin Hausa aka sa na Larabci. Aka kira sanannen nan na talabijin. Hamza kuma aka ce in yana so ya tsaya a layin baya na masu rawar sanda, da farin tobi kamar kowa. Ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, ya ɗauki jakarsa, bai koma ba.

Ni aka ba aikin gyara rigar. Sabon mai ita gajere ne kuma yana da tumbi, na buɗe rarar da na bari, na rage tsawo. Ya ce guntun buhun yana sa shi ƙaiƙayi, na farke shi na sa soso mai laushi na rufe da yadi. Ya ce warin shayi take yi, aka fesa mata turare. Haka aka buɗe wasan, aka yi ta cika zaure. Mutumin ya iya waƙa, ba laifi. Mata suna kuka a wurin da ake kuka.

Washegarin buɗewa Alhaji Mamman ya biyo ta shagon kafin magariba, Hamza na riƙe da hannunsa, don ƙafar ta fara ba shi wahala. Hamza lokacin yana ta zirga-zirgar neman wani gadin, wurinsa na da sun ɗauki wani. Na ba tsohon kujera, ɗan ya tsaya a jikin ƙofa. Bayan gaisuwa Alhaji ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce an cika, an tafa. Ya tambaya ko an ambaci Takruni. Na ce ko sau ɗaya. Ya ce to su wa aka nuna a tashar. Na ce Bajawe yana nan, Bahindi yana nan, mutumin Buhara yana nan da hularsa.

"Mu fa?"

"Babu mu, Baba Alhaji."

Ya jinjina kai. Sannan ya sauke ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"To alhamdu lillahi. Ba wanda ya gan mu." Ya ɗaga kai wajen ƙofa. "Ko ba haka ba, Hamza?"

"Haka ne, Baba," in ji Hamza. Ya sunkuya ya juya masa takalmansa, ya miƙa masa sanda.